MoCA, NEUROPSI ko TAVEC: wane gwajin mantuwa da natsuwa ya dace da babban mutum mai jin Sifaniyanci?

Wannan rubutu na 'yan uwanmu ne da aiki ko aure ko karatu ya haɗa su da masu yaren Sifaniyanci, wato nas-nas ɗinmu da masu kula da tsofaffi a Bronx da Houston, da ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam da ke Madrid ko Granada, da waɗanda surukansu 'yan Meksiko ne ko 'yan Jamhuriyar Dominika kuma tsohuwa ta fara ajiye makulli a firji ana ta muhawara a gida ko tsufa ne kawai ko cuta ce. Tambayar dai kusan ɗaya ce kullum, an ce a je a yi gwajin ƙwaƙwalwa, to wanne? Domin gwaje-gwajen suna da yawa, wani minti uku an gama, wani kuma sai an share rabin yini ana abu ɗaya, wani kyauta wani kuma kuɗinsa zai sa mutum ya dafe kai.

Ra'ayina tun daga farko, don kada in ja ku da nisa: sunan gwajin ba shi ne babban abu ba, babban abu shi ne da su wa za a kwatanta makin mutuminku. In an samu wannan daidai gwaji mai araha ma zai faɗi gaskiya, in kuwa an kuskure shi to ko mafi tsada a duniya ƙarya zai shara muku, ƙarya mai hatimi da sa hannun likita.

Abubuwan da za a duba kafin a zaɓa

Na farko kuma uban sauran, ma'auni. Kowane gwaji sai da aka fara yi wa ɗaruruwan mutane masu lafiya, aka tara makinsu aka ce ga abin da mai shekara kaza da ilimi kaza ya saba samu, to da wannan jadawalin ake auna wanda ya zo asibiti. Kamar mudu ne, in ka auna hatsi da mudun wata kasuwa ka je ka yi lissafi da farashin wata kasuwar dole wani ya cutu. Kuma masu Sifaniyanci ba al'umma ɗaya ba ce, ƙasashe wajen ashirin ne, ga sama da mutum miliyan 40 a Amurka da ke yin yaren a gida, lauya ɗan Barcelona da manomin Guatemala da bai taɓa zama a aji ba yare ne kawai ya haɗa su, shi ma yaren ba duka ba, abin da ɗan Sifaniya ke kira melocotón ɗan Meksiko durazno yake ce masa, kalmar guagua a Kuba motar haya ce a Chile kuma jariri. In ka sa wa mutum kalmar da ba ta garinsu ba a jerin kalmomin da zai haddace ai ka riga ka rage masa maki tun bai buɗe baki ba.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, tsawon kalma. Gwajin natsuwa da aka fi sani shi ne a karanto maka lambobi ka maimaita, a yi ta ƙara tsawonsu har ka kasa. A Turanci kusan duk lambobin gaɓa ɗaya ne, a Sifaniyanci kuwa cuatro, cinco, siete, ocho, nueve duk gaɓa bibbiyu ne, suna cin lokaci a baki da kuma cikin kai, shi ya sa wani nazari na 1986 ya samu masu Turanci na riƙe lambobi bakwai da 'yan kai, masu Sifaniyanci kuma shida da 'yan kai, alhali lafiyarsu ɗaya. Mu ma da Hausa haka za ta same mu tunda daga ɗaya har tara babu mai gaɓa ɗaya. Saboda haka duk wanda ya fassara gwajin Turanci da baki sannan ya duba jadawalin Turawan Amurka ya yi aikin banza.

Na biyu, shekarun da mutum ya yi a makaranta, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Riƙe fensir, zana akwati mai kusurwa, yin sauri don ana duba agogo, amsa tambayar da ka san mai tambayar ya san amsarta, duk waɗannan a aji ake koyonsu. Wanda bai yi boko ba zai faɗi a nan ba don ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ba. Ku tambayi shekarun karatun daidai, kar a ce "ya ɗan yi", shekara biyu da shekara shida bambancinsu a maki ya fi na shekara sha biyu da sha shida nesa ba kusa ba.

Na uku sauƙi, wato minti nawa yake ci kuma wa ke da izinin yi. Na huɗu kuɗi. Na biyar ƙarko, abin da nake nufi shi ne in an sake yi bayan wata shida ko shekara zai ba da amsa mai amfani ko mutum zai riga ya haddace tambayoyin, sannan jadawalin nasa bai tsufa ba. Na shida haɗari, kuma kashi biyu ne: a laƙaba wa mai lafiya gigin tsufa a ƙwace masa lasisin tuƙi da ikon sa hannu a banki, ko kuma a sallami mai ciwo a ce lafiyarsa lau don yana da ilimi ya iya rufe ramukan.

MMSE da ɗan uwansa MEC

Shi ne tsoho a gidan, Folstein ya fitar da shi a 1975, maki 30, minti biyar zuwa goma. A Sifaniya Antonio Lobo ya gyara shi a 1979 ya zama Mini-Examen Cognoscitivo mai maki 35, daga baya aka yi na 30. Kowane likita ya san shi, wannan ita ce falalarsa, in ka ce "ta samu 21" daga Lima har Chicago an gane. Tun 2001 haƙƙin buga shi da sayar da shi na hannun kamfanin PAR don haka a ƙa'ida sayen fom ɗin ake yi, ba tsada can ba dai.

Matsalarsa kuwa babba ce ga mutanen da muke magana a kai. Feggy Ostrosky-Solís da abokan aikinta sun gwada shi a kan masu Sifaniyanci lafiyayyu a wani aiki da ya fito a 2000, waɗanda ba su iya karatu ba matsakaicin makinsu bai kai 18 ba, masu shekara ɗaya zuwa huɗu a makaranta wajen 20 da ɗoriya, alhali ƙasa da 24 ake cewa akwai matsala. Kun ga ke nan lafiyayyen mutum ya faɗa layin masu ciwo tsundum. Har tambayar "wane yanayi muke ciki a shekara" tana rikita mutumin Karibiyan da bai san rabon shekara gida huɗu irin na Turai ba, shi damina da rani ya sani kamar mu. A ɗaya gefen kuma kalma uku kacal ake ba mutum ya riƙe, malamin jami'a da ya fara mantuwa zai wuce shi sumul. Wato yana cutar marar ilimi yana kuma yi wa mai ilimi rufa-rufa. Abin da ke hana a jefar da shi shi ne har yanzu da shi ake yanke wasu hukunce-hukunce, misali babban gwajin lecanemab, maganin cutar mantuwa ta Alzheimer, da Amurka ta amince da shi a 2023 masu maki 22 zuwa 30 a MMSE aka ɗauka, to ku duba inda wannan layi ya bar tsohuwar da ajinta uku a firamare.

MoCA

Ziad Nasreddine ne ya haɗa shi a Montreal, aikin tabbatar da shi ya fito a 2005. Shi ma maki 30, minti goma zuwa sha biyar, amma ya fi MMSE tsauri, kalma biyar ake riƙewa, akwai zana agogo, akwai haɗa lamba da harafi bi da bi, akwai buga tebur duk lokacin da aka ji wani harafi wanda gwajin natsuwa ne sosai. Don kama matsala tun tana ƙarama a wajen mai ilimi, gaskiya ya fi MMSE ba ko tantama. Akwai shi da Sifaniyanci, yana da fom kala-kala da za a iya canzawa in an dawo gwaji na biyu, wannan ya ba shi ƙarko. Takardar ana sauke ta a intanet amma daga 2019 suka sanar da cewa sai mai yin gwajin ya yi horo ya karɓi satifiket, dala 125 aka sa a lokacin, an yafe wa wasu rukuni kamar ɗalibai da masu bincike na jami'a.

Inda nake da ja da shi shi ne layin nan na 26, wato ƙasa da maki 26 ake cewa akwai matsala. A Kanada aka ja shi, a kan mutanen da yawancinsu sun gama sakandare, gyaran da aka yi wa masu ƙarancin ilimi kuma maki ɗaya ne tal ga duk wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, wato mai shekara 12 da mai sifili kyautarsu ɗaya, haba. A Kolombiya an gwada shi a kan tsofaffi masu ƙarancin karatu, waɗanda ba su iya karatu ba suka tashi da wajen 16, waɗanda suka gama firamare wajen 20. Duk wanda ya riƙe 26 a irin wannan wuri kusan kowa zai tura wajen likitan ƙwaƙwalwa. Akwai MoCA-Basic da aka yi don marasa karatu, ya fi dacewa, sai dai ba kowane asibiti ke ajiye shi ba sai an tambaya.

Fototest da ire-irensa

Wannan ni ina son sa, kuma in an fita daga Sifaniya ba a san shi yadda ya kamata ba. Cristóbal Carnero Pardo likitan jijiya a Granada ne ya yi shi saboda tsofaffin Andalus da yawa da suka tashi bayan yaƙin basasar Sifaniya ba su samu makaranta ba. Minti uku ne. A nuna hotuna shida mutum ya faɗi sunansu, sannan ya jero sunayen maza na daƙiƙa talatin da na mata na daƙiƙa talatin, sai a ce to waɗanne hotuna ka gani ɗazu. Babu fensir babu karatu babu lissafi, kyauta ne, nas za ta iya yi a bakin gado, kuma yana da fom fiye da ɗaya. Shi dai mutumin ya kuma yi Eurotest wanda da tsabar kuɗi ake yi, a ba ka sulalla ka ƙirga ka yi canji sannan a tambaye ka nawa ne ɗazu, dabara ce mai kyau don tsohuwar da ba ta iya rubuta sunanta ba babu mai cutarta a canjin kasuwa. A Kolombiya sun juya shi zuwa kuɗinsu suka kira shi Pesotest.

A wannan layi akwai RUDAS da aka yi a Ostireliya a 2004 don baƙi masu yare daban-daban, an gwada shi a Sifaniya da Peru, shi ma kyauta. Akwai kuma CSI-D da ƙungiyar masu binciken gigin tsufa ta 10/66 ta yi aiki da shi a Kuba da Jamhuriyar Dominika da Peru da Meksiko da Venezuela, wanda shi ne dai aka yi amfani da shi a binciken nan na Ibadan da Indianapolis a kan tsofaffin Yarabawa, ya haɗa da yi wa wani na kusa da mutum tambayoyi.

Iyakarsu a bayyane take, tacewa kawai suke yi. Za su ce a duba wannan mutumin da kyau, ba za su ce ga irin ciwon ba, kuma a kan natsuwa kusan ba su da abin faɗa.

NEUROPSI

To nan aka zo wajen. Wannan ba fassara ba ce, da Sifaniyanci aka haife shi, Ostrosky-Solís ta jami'ar UNAM a birnin Meksiko tare da Alfredo Ardila da Mónica Rosselli 'yan asalin Kolombiya. Kala biyu ne kuma mutane na rikita su. Gajeren, na ƙarshen shekarun 1990, maki 130, minti 25 zuwa 30, an kafa ma'auninsa a kan mutum 800 masu shekara 16 zuwa 85, aka raba su gida huɗu na ilimi: sifili, ɗaya zuwa huɗu, biyar zuwa tara, goma zuwa sama. Wannan gida na sifili shi ne abin da kusan duk sauran ba su da shi.

Dogon shi ne NEUROPSI Atención y Memoria na 2003, an ƙara da Esmeralda Matute da David Pineda da Esther Gómez a masu aikin, daga shekara 6 zuwa 85, awa guda ga mai lafiya, marar lafiya kuma yakan kai awa ɗaya da rabi. Yana bin natsuwa ta fuskoki da dama, maimaita lambobi gaba da baya, bin tubala da yatsa, tsinto wata alama a cikin tarin alamomi, gwajin Stroop inda aka rubuta sunan launi da tawada ta wani launin. A ɓangaren tunawa akwai jerin kalmomi, gajerun labarai, fuskoki, da zane mai sarƙaƙiya da za a kwafa sannan a sake zanawa da ka bayan minti ashirin. Amfanin wannan rarrabewar shi ne tana raba wanda abu bai shiga kansa ba tun farko saboda hankalinsa na wani wuri, kamar mai ciwon damuwa ko marar barci, da wanda abu ya shiga amma ya zube, wanda shi ne abin tsoro a Alzheimer. Gajerun gwaje-gwajen can ba sa iya wannan.

Kuɗi: sayen akwatin ake yi daga kamfanin buga littattafai na Manual Moderno, da takardun amsa da ke ƙarewa a sake saye, amma bai kama ƙafar gwaje-gwajen Wechsler da za mu zo kansu a ƙasa ba. Sauƙi: sai wanda ya karanci fannin, ba aikin nas ba ne. Ƙarko: nan yana da rauni, kalmomi da labaran dai su ne, in an maimaita da wuri mutum zai tuna, gara a ba da tazara mai tsawo. Haɗari: ma'aunin na Meksiko ne galibi, ga ɗan Bilbao mai digiri biyu yana iya zama da sauƙi ya wuce da matsalarsa a ɓoye, ga ɗan Puerto Rico da ya girma a New York yana cakuɗa yare biyu kuma ba a kansa aka auna ba.

TAVEC da NEURONORMA, kayan Sifaniya

TAVEC na María Jesús Benedet da María Ángeles Alejandre ne, 1998, TEA Ediciones a Madrid, an gina shi a kan tsarin gwajin kalmomi na California. Kalma 16 daga rukuni huɗu kamar jerin cefane, a karanta sau biyar, a kawo wani jerin don ya rikita, a tambaya nan take, a sake tambaya bayan jinkiri, sannan a ba da zaɓi a ga ko zai gane su. Wajen minti 40. A kan tuna kalmomi zalla babu wanda ya kai shi zurfi a cikin waɗannan, har yadda mutum ke tsara abin da ya haddace da irin kalmomin da yake ƙirƙirowa waɗanda ba a faɗa ba duk yana nunawa. Sai dai kalmomin na Sifaniya ne, ma'aunin ma haka, kuma natsuwa ba aikinsa ba ce.

Shi ya sa a can ake haɗawa da NEURONORMA, aikin Jordi Peña-Casanova na Barcelona, wanda ba sabon gwaji ba ne, ma'auni ne da aka yi wa tsofaffin gwaje-gwaje sanannu, na farko a 2009 a kan mutum 356 daga shekara 50 zuwa sama, na matasa 18 zuwa 49 ya biyo a 2012. Su ne suke amfani da haruffan P, M, R wajen "faɗi kalmomin da suka fara da harafi kaza" maimakon F, A, S na Turanci, dalili kuwa mai ƙarancin karatu zai kawo kalmar da ta fara da H marar sauti a matsayin A, ko C da Z a matsayin S, a soke masa a banza. Irin wannan ma na faruwa a gwajin haɗa lamba da harafi, tsofaffi da yawa A, B, C, CH, D suka haddace a makaranta tunda sai 1994 aka daina jera CH daban, sai ka ga dattijo ya tsaya yana neman CH agogo na tafiya. Maganin wannan shi ne Color Trails da ke amfani da launi a madadin harafi.

Tsinto gwaji ɗai-ɗai da ma'aunin ƙasar mutum

Wannan ita ce hanyar da ƙwararru da yawa ke bi yanzu. A 2015 Juan Carlos Arango-Lasprilla da tawagarsa suka fitar da ma'auni daga mutum 3,977 a ƙasashe 11, Ajantina, Bolibiya, Chile, Kuba, El Salvador, Guatemala, Honduras, Meksiko, Paraguay, Peru da Puerto Rico, kowace ƙasa da jadawalinta, a kan gwaje-gwaje goma ciki har da HVLT-R na kalmomi 12 da Stroop da zanen nan mai sarƙaƙiya na Rey da gajeren gwajin natsuwa na BTA. HVLT-R fom shida gare shi a asali, ga mai son bibiya lokaci-lokaci wannan abin so ne, sai dai a tabbatar fom ɗin da za a canza zuwa gare shi yana da ma'aunin Sifaniyanci. Raunin aikin shi ne sai wanda ya iya karatu da rubutu aka ɗauka, kuma ilimi gida biyu kawai aka raba, 12 zuwa ƙasa da sama da 12, irin ciwon MoCA ke nan. Ga mazauna Amurka kuma akwai NP-NUMBRS na 2021, mutum 254 daga San Diego da Tucson, shekara 19 zuwa 60, don haka ga ɗan Meksiko mai shekara 45 a California ya yi daidai, ga tsohuwa 'yar Kuba mai 78 a Miami bai yi ba.

Wechsler, da na'urorin natsuwa

WAIS-IV, gwajin basira na Wechsler, ya fito a Sifaniya a 2012, WMS-IV na tunawa a 2013, Meksiko na da nata WAIS ɗin, Puerto Rico na da EIWA-III na 2008. Su ne mafi tsada, mafi tsawo, kotu da kamfanin inshora sun fi saninsu. Tsoho mai gajiya ba ya kai ƙarshensu da hankalinsa a jiki, kuma zaɓen bugun wace ƙasa na iya sauya makin sosai, an sha yin rigima a kan haka a kotunan Amurka a shari'o'in kisa bayan hukuncin Atkins na 2002 da ya hana kashe mai naƙasar ƙwaƙwalwa.

Ga matashi mai kukan rashin natsuwa kuma akwai d2, layi 14 daƙiƙa 20 kowanne ana soke wani harafi, yana da bugun Sifaniya, da Conners CPT na kwamfuta mai minti 14. Yare bai dame su sosai ba. Amma babu ɗayansu da zai tabbatar da ADHD, wato ciwon rashin natsuwa da rawar kai, shi kaɗai, tarihin yarinta ne ke yin wannan.

| Gwaji | Lokaci | Kuɗi | Mai yi | Maimaitawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| MMSE / MEC | minti 5–10 | kaɗan | likita, nas | ana haddace shi | cutar marar boko, sakin mai ilimi |
| MoCA | minti 10–15 | kuɗin horo | mai satifiket | mai kyau | layin 26 |
| Fototest, RUDAS | minti 3–10 | kyauta | nas ma | ba laifi | tacewa kawai |
| NEUROPSI gajere | minti 25–30 | matsakaici | ƙwararre | sai da tazara | sauƙi ga mai zurfin ilimi |
| NEUROPSI Atención y Memoria | awa 1 zuwa 1½ | matsakaici | ƙwararre | sai da tazara | ma'aunin Meksiko |
| TAVEC + NEURONORMA | awa 1–2 | matsakaici zuwa sama | ƙwararre | sai da tazara | na 'yan Sifaniya ne |
| Ɗai-ɗai da ma'aunin ƙasa | ya danganta | ya danganta | ƙwararre sosai | mai kyau | babu gidan marasa karatu |
| WAIS / WMS | awa 2 zuwa sama | mai tsada | ƙwararre | sai an daɗe | gajiya, bugun wata ƙasa |

Kuɗin da iyali za su ji a jikinsu ba na akwatin gwaji ba ne, na lokacin ƙwararren ne. A Sifaniya likitan iyali na centro de salud, wato asibitin unguwa, ne ke tura mutum kuma gwamnati ke biya, sai dai jira, a asibitin kuɗi kuma ɗaruruwan yuro ne. A Amurka cikakken gwaji in babu inshora yana shiga dubban daloli, Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, na biya in likita ya rubuta akwai buƙata.

Kuma kafin a kashe ko sisi a duba abubuwan da ke kwaikwayon mantuwa: ƙarancin B12, ciwon maƙoƙo, damuwa, minshari mai yanke numfashi, magungunan barci, da kurumta, don wanda bai ji kalmar ba ta yaya zai tuna ta. A zo da tabarau da abin ji, a zo da safe, kuma don Allah kar a yi wa tsoho bitar tambayoyi a mota.

Wa ya dace da wanne

Tsoho ko tsohuwa da karatu bai wuce shekara huɗu ba, daga ko'ina: Fototest ko RUDAS da farko, a haɗa da tambayar wanda ke zaune da su ta fom irin IQCODE ko AD8, in an ga alama sai NEUROPSI. In an riga an yi MoCA an ce 17 kar hankalin kowa ya tashi tukuna, a tambaya da wane layi aka auna.

Mai sakandare ko jami'a da ke cewa kaina ba kamar da ba: MoCA, in ya wuce amma kukan bai daina ba a tafi dogon gwajin kalmomi, TAVEC in ɗan Sifaniya ne, HVLT-R da jadawalin ƙasarsa in daga Latin Amurka yake. MMSE ɓata lokaci ne a nan.

Wanda ya yi haɗarin mota ko shanyewar ɓarin jiki ana son sanin ko zai koma aiki: NEUROPSI Atención y Memoria, ko NEURONORMA in a Sifaniya ne, don ana buƙatar ganin natsuwa da tunawa kowanne daban, kuma tun ranar farko a tsara da wane fom za a dawo.

Maganar kotu, diyya, ko fom N-648 na neman a yafe wa mutum jarrabawar zama ɗan ƙasa a Amurka: cikakken gwaji wajen ƙwararre mai jin yaren da kansa, da gwajin ƙoƙari irin TOMM a ciki, mai nuna ko mutum ya yi iya yinsa ko da gangan yake faɗuwa, rahoton kuma ya rubuta ma'aunin da aka yi amfani da shi ɓaro-ɓaro, in ba haka ba lauyan ɗaya ɓangaren zai yaga shi. Hispanic Neuropsychological Society na taimakawa wajen nemo irin waɗannan. Ɗa ko jika ba ya zama tafinta, zai gyara wa kakarsa amsa ba tare da ya sani ba.

Wanda ya girma da yare biyu: a fara auna wane yare ya fi ƙarfi a bakinsa, wani a Sifaniyanci yake hira amma da Turanci yake ƙirga da jera haruffa don da shi ya yi makaranta.

Sai namu, Bahaushen da ya shekara ashirin a Almería ko Malabo yana Sifaniyancin kasuwa da wajen aiki, karatunsa kuma na allo ne. Babu jadawali ko ɗaya a cikin waɗannan da aka yi da irinsa, in an ba shi TAVEC ko MoCA da Sifaniyanci ƙarfin yarensa za a auna ba ƙwaƙwalwarsa ba. A nemi RUDAS da tafinta na asibiti mai jin Hausa, ko Eurotest in ya saba da yuro, a gaya wa likita shekarun allo da na islamiyya kar a rubuta masa sifili kawai, a ba bayanin iyali nauyi fiye da maki, sannan a ajiye sakamakon farko a sake irinsa bayan shekara guda a kwatanta shi da kansa.